Shekara uku ina biyan kuɗin ƙungiyar ƙwadago a kantinmu: ga abin da na gani

Ni kashiya ce a wani babban kanti a nan cikin Kano. Shekara uku ke nan duk wata ana cire kuɗin ƙungiya daga albashina tun kafin alat ya shigo wayata. Wata ƙawata da ta samu aiki kwanan nan ta tambaye ni ko ta cike fom ɗin shiga, tunda gyaran dokar da aka yi a 2005 ya mayar da abin ganin dama, ba tilas ba. Na ce mata ta shiga, amma ta san abin da take saya.

Ranar da na san amfanin kuɗina jajibirin ƙaramar sallah ce. Layi har bakin ƙofa, netwok yana ɗaukewa yana dawowa. Da aka rufe lissafi da dare sai aka ga giɓin naira dubu goma sha takwas a injina. Manaja ya ce a albashin watan za a zare, magana ta ƙare. Ban runtsa ba a daren nan. Washegarin hutu ciyaman ɗin reshen ƙungiyarmu, dattijo ne da ya daɗe a sito, ya shiga ofis da ni. Bai ɗaga murya ba. Ya tuna wa manaja cewa dokar ƙwadago ba ta yarda a yanke wa ma'aikaci albashi a kan asara haka kawai ba sai da amincewar jami'in ƙwadago, sannan ya nemi a fito da takardun POS ɗaya bayan ɗaya. Ashe wata tiransifa ce ta maƙale, sai da safe ta faɗo. Ko kwabo ba a taɓa min ba. Da ni kaɗai na shiga ofishin nan, wallahi kuka kawai zan yi in sa hannu.

Haka ma lokacin da aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, gwamnatin Kano kuma ta sa wa ma'aikatanta 71,000. Mu a kanti sai da aka yi zama a kan zama kafin ya iso gare mu, kuma reshen ne ya yi ta naci.

To, a nan yabona ya tsaya, domin rabin waɗanda muke tsayuwa da su a kantin nan ƙarin bai shafe su ba. Dokar da kanta ta cire masu aikin da ba na cikakken lokaci ba, da masu karɓar kamasho, da duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Waɗannan abokan aikin namu, 'yan awa muke ce musu. Wani kamfani ne daban yake kawo su, riga ɗaya muke sawa, kwastoma ba ya bambance mu.

Akwai wani yaro daga Kurna, ɗalibi, da yake jera min kaya a leda daga la'asar zuwa goma na dare. Yaya yake kirana. In ya cire kuɗin adaidaita zuwa da komawa, abin da ya rage ba ya kai shi ko'ina, amma da shi yake sayen takardun makaranta. Katan ɗin man gyaɗa ya faɗo masa a ƙafa a sito, ya yi mako guda a gida. Da ya dawo sunansa ba ya cikin jadawali. Ba takarda, ba sallama. Na kama hannunsa muka je wurin ciyaman, na ce, "Baba, yaron nan fa a bakin aiki ya ji ciwo." Ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya ce, "'Yata, ba ya cikin rajistarmu. A takarda ba ma'aikacin kantin nan ba ne. In na shiga da maganarsa, manaja zai ce in je in nemi kamfanin da ya kawo shi." Karo-karo muka yi masa a tsakaninmu, Baba ne ma ya fara zaro kuɗi daga aljihunsa. Har yau abin yana ci min rai.

Mu masu cikakken aikin ma kada mu ruɗi kanmu. Duk wanda ya bar aiki a cikinmu, 'yan awa biyu ake kawowa a gurbinsa. Da aka taɓa zancen yajin aiki kan tsayuwar yini guda babu kujera, kowa ya san ko mun fita akwai masu zama a kan injinan, kuma ba laifinsu ba ne, su ma abinci suke nema. Maganar ta mutu a wurin taro. Kujerar har yanzu babu.

Yaran shago na Kantin Kwari da Singa da Farm Centre kuwa, waɗannan ba a ma maganarsu. Ƙungiyoyin da ke kasuwannin na iyayen gida ne, kuma doka ta ce sai ma'aikata 50 sun haɗu kafin a yi wa ƙungiya rajista. Shago mai yara uku ina zai fara?

Abin da na gaya wa ƙawata shi ne ta nemi takardar sharuɗɗan aikinta, wadda doka ta ce a ba ma'aikaci cikin wata uku da farawa, ta duba sunan wane kamfani ne a samanta. In sunan kantin ne, ta cike fom, kuɗin ba asara ba ne. Ta duba ta kira ni jiya da dare. Sunan wani kamfani ne da ba ta taɓa ganin ofishinsa ba.