Shafin sakamakon Omega da gasar ninkaya ta Budapest

Duk mai son fahimtar gasar ninkaya ta duniya ta gajeren tafki, wato mai tsawon mita 25, wadda aka gudanar a Duna Arena da ke Budapest daga 10 zuwa 15 ga Disamba 2024, shafin sakamakon Omega, kamfanin da ya auna lokaci a gasar, zai wadatar da shi fiye da teburin lambobin yabo kaɗai. Teburin yana nuna cewa Amurka ce ta zo kan gaba da zinariya 18, kuma 'yar ninkayarta Gretchen Walsh ta samu bakwai, amma ba ya bayyana yadda aka yi nasarar.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda shafin ke rarraba lokacin kowane ɗan ninkaya zango-zango, har da saurin tashinsa daga bakin tafki. Wannan yana da muhimmanci a gajeren tafki, domin juyawa a jikin bango ta fi ta tafkin mita 50 yawa, kuma tunkuɗar bango da tafiya a ƙarƙashin ruwa su ne sukan raba zinariya da azurfa. A nan ne mai karatu zai ga cewa Jordan Crooks na tsibiran Cayman ya kammala tseren mita 50 na salon freestyle cikin daƙiƙa 19.90 tun a zagayen kusa da na ƙarshe, inda ya zama mutum na farko da ya sauka ƙasa da daƙiƙa 20.

Sabon mai bibiya zai buƙaci haƙuri kafin idonsa ya saba da cunkoson alƙaluman.