Tambayar "yaya jiki?" ko awon asibiti?

Tun 1982 wani bincike kan tsofaffi a Manitoba ta Kanada ya nuna masu cewa lafiyarsu ba daɗi sun fi saurin mutuwa, ko da an yi la'akari da cututtukan da likita ya gano. Talakawa da marasa zurfin karatu sun fi ba da wannan amsa. Tambaya kyauta ce, tana kuma kamo gajiya da damuwar da na'ura ba ta gani.

Amma mu a Daura kara da tawakkali sukan rufe ciwo. Na ce, "Kawu, yaya jiki?" Ya ce, "Alhamdulillahi, ɗana," yana dafe da ƙeya. Da aka ɗaura masa abin awon hawan jini, jininsa ya haura 180, wato ya hau sosai. Shi ya sa na fi son a fara auna shi, sannan a zauna a tambaye shi a natse.