Amalanken ɗauko gungume

Yaya, bayan gaisuwa da tambayar lafiyar Inna da yara, ga amsar tambayarka kan yadda manoman nan jihar Minesota ta Amurka ke fito da itace daga daji.

Maigidan da nake wa aiki yana da ƙaramar tarakta Kubota mai ƙarfin doki 25. Da da sarƙa yake jan gungume a ƙasa, kan gungumen ya riƙa caka cikin ƙasa yana harɗewa da saiwoyi, ɓawon ya kwashi yashi da tsakuwa, in an kai ga zarto haƙoran su dakushe nan take. Shi ne muka ƙera wani amalanke marar gado. Siffarsa irin bakan gizon soro ce, da ƙarfe mai kusurwa huɗu, taya ɗaya a kowace ƙafa, tsakiya fayau. Ana turo shi ya haye gungumen, a ɗaura sarƙa, a juya marikin naɗe waya irin na jawo kwale-kwale, kan gungumen ya tashi sama, gindin kaɗai ke jan ƙasa. Ɗanyen gungumen da ya kai mita 3, kauri santimita 40, ya kusa kilo 400, amma taraktar ba ta ko nishi.

Wurin ɗaura amalanken a jikin tarakta shi ne abin tsoro. Dole a maƙala shi ƙasa da gatarin tayoyin baya. In aka ɗaura sama, kaya ya cije, gaban tarakta ne zai tashi ta kife kan direba. A gangare kuma itacen kan turo ka, don haka giya ɗaya ake sa wa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dalilin da ya sa ya ƙera da kanshi. Ana sayar da irinsa ƙerarre, amma da tsada. Ƙarfe, taya, sarƙa da noti kuwa duk suna shago ɗaya, kowane da awonsa a rubuce, wanda bai yi daidai ba ka mayar su ba ka kuɗinka. Ladan aikin hannun mutum ne ba ya taɓuwa. Mai walda da awa yake lissafi, har zuwan da ya yi gidanka kuɗi ne. Shi ya sa manomi ke ajiye injin walda a garejinsa, tunda ba kasafai wuta ke ɗaukewa ba. Mu a Daura ga gwanaye bakin titi, sun ma fi maigidan nawa tsaftar ɗinki wallahi, sai dai ƙarfe da man janareto su cinye ribar.

Ka kai zanen da na turo maka ta WhatsApp wurin mai waldar unguwa. Tarakta ba dole ba ce, shanun huɗa biyu za su ja shi, tsofaffin tayoyin mota kuma sun isa. Sai dai a nemi masu faɗi saboda rairayin hanyar Mai'aduwa. Zai yi amfani wajen ɗauko giginyar azara, ko bedin da iska ta kayar da damina. A tambayi malamin daji kafin a taɓa mai rai.

Ka gaida Kawu. Ƙaninka.