Ƙwayoyin cikin taya ko darma: da me za a daidaita babbar taya?

Taya mai inci 35 ko 37 nauyinta ba ya zama daidai ko'ina, shi ya sa sitiyari ke karkarwa da zarar an taka mota a kwalta.

Darmar da ake maƙalawa a rim tana da fifiko babba. Injin daidaita taya yana nuna inda za a sa ta, gefen ciki da na waje, don haka tana maganin tsalle da kuma kaɗawar gefe. Matsalarta daji ne. Dutse ya goge ta, taɓo ya daskare a rim, aikin ya ɓaci. Taya kuma na cinyewa, sai an koma kan inji.

Ƙwayoyin gilashi ko na tangaran cikin taya ake zuba su. Idan ta ɗauki gudu sai su bazu, su cike inda nauyi ya gaza, kullum suna sake lissafi. Amma tsalle kaɗai suke gyarawa sosai, danshi yana dunƙule su, kuma sukan toshe bawul ɗin sa iska idan ba mai matata ba ne.

Motar da ke wuni cikin duwatsu da laka, ni ƙwayoyi zan zuba mata. Mai yawan bin kwalta da faffaɗar taya, ya riƙe darmarsa.