Kafin ka sayi ma'ajiyar da sabobinka za su jingina da ita

Wani abokin aiki ya kira ni makon jiya, yana da saba uku a ofis, wato manyan kwamfutocin da sauran ke dogara da su, yana so ya haɗa su da ma'ajiya ɗaya ta waya, yadda kowace za ta ga rabonta tamkar faifan da ke cikin cikinta. Na ce masa ya bi iSCSI, hanyar kai wa saba faifai ta wayar netwok ta yau da kullum, ya ɗora manhajar ma'ajiya ta TrueNAS a kan kwamfuta mai ƙarfi, ya ware mata suwic nata mai gudun gigabit 10. Ya ce ai an kawo masa farashin wasu hanyoyin. Na ce to, mu duba su.

Fibre Channel ba shi da aibu, sai dai yana son katinsa daban, suwic ɗinsa daban, da mai kula da shi daban. Wannan sai banki. FCoE kuwa, wato Fibre Channel a kan wayar netwok ta yau da kullum, rabon da in ga wanda ya girka sabo har na manta. NVMe/TCP, hanyar da aka yi don faifan SSD masu sauri, wanda aka kammala ƙa'idarsa a 2018, ya fi iSCSI sauri, amma in faifanka masu juyawa ne, ka ɗaura wa jaki sirdin doki ne kawai. Ƙananan akwatunan Synology da QNAP suna da sauƙin saiti, sun dace da ajiyar kwafi. Mai ƙofar gigabit 1 dai ba zai wuce megabait 110 da ɗoriya a daƙiƙa ba, saba uku kuma su yi ta wawaso a kai.

Tun 2004 iSCSI yake da ƙa'idarsa, RFC 3720. Umarnin faifai yake naɗewa cikin TCP ya tura ta tashar 3260, kuma Windows da Linux da VMware (manhajar da ke gudanar da injina da yawa cikin saba ɗaya) duk sun san shi, ba sai ka sayi wani kati na musamman ba. Abin da ya sa nake manne wa TrueNAS shi ne ZFS, tsarin da yake jera bayanai da shi a kan faifai. Duk abin da ya rubuta yana yi masa alamar tantancewa, in faifai ya fara ruɓewa a ɓoye zai gane, ya gyara daga ɗan'uwansa. Ka jera faifan biyu-biyu suna kwafin juna, kada kwaɗayin fili ya kai ka RAIDZ, tsarin da ke haɗa faifai da yawa rukuni ɗaya don fili ya ƙaru, in injinan da ke cikin VMware za ka ɗora a kai, don jan ƙafa za su yi. Ka ba ZFS faifan kai tsaye ta katin HBA, mai miƙa faifai yadda suke, ban da katin RAID mai haɗa su da kansa. Ka ja waya biyu daga kowace saba, ka kunna MPIO, mai sa saba ta yi amfani da wayoyin biyu. MTU kuma, wato girman ƙunshin bayanan da ake turawa, ko dai 9000 a ko'ina, har da suwic, ko ka bar kowa a 1500. Rabi da rabi shi ne ke sa mutum kwana a ofis. Sannan kada ka kuskura saba biyu su hau faifai ɗaya mai tsarin NTFS na Windows ko ext4 na Linux, za su tattake rubutun juna. Raba faifai ɗaya tsakanin sabobi aikin VMFS ne, tsarin faifai na VMware.

Ni dai wuta ce ta fara ƙona ni. NEPA suka ɗauke, kafin janareta ya tashi, ashe UPS ɗin ma'ajiya yana da rai amma ba wanda ya tuna ya jona suwic a kansa. Sabobi suna tsaka da rubutu faifansu ya ɓace, muka kwana biyu muna harhaɗa bayanan albashi. Tun daga nan tambayata ta farko ga duk mai sayarwa ita ce, me ke faruwa da abin da ake rubutawa in wuta ta yanke? A TrueNAS ka sa sync ya zama always, don kada a ce an gama rubutu sai ya sauka a faifai, ka ƙara ƙaramin SSD na SLOG, inda rubutun ke fara sauka, irin mai kariyar yankewar wuta.

Sai maganar jabu, wadda ta fi duk waɗannan cin kuɗin mutane. A farkon 2025 aka bankaɗo cewa wasu dillalai a ƙasashe da dama suna sayar da tsofaffin faifan Seagate Exos a matsayin sababbi, bayan sun goge awoyin aikin da SMART, rahoton lafiyar faifai, ke nunawa. Abin da ya tona su wani lissafi ne na biyu da ke cikin faifan, FARM, wanda manhajar smartctl daga siga ta 7.4 ke iya karantawa. In SMART ya ce awa 3, FARM ya ce dubbai, mayar masa da kayansa. Ka kuma tambaya salon rubutun faifan CMR ne ko SMR (mai ɗora layin rubutu kan gefen wani), ka duba lambar samfurin da kanka a shafin kamfanin. SMR yana iya kwanaki yana jan jiki ran da kake sake gina faifan da ya mutu, ranar da ba ka da haƙurin jira.

Waya ma haka. Na taɓa sayen kwali guda an rubuta Cat6 ɓaro-ɓaro, na kankare silin da wuƙa sai ga fari fat: alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ko Cat6 na gaske ba ya kai gigabit 10 fiye da mita 55, Cat6a ne ke kai 100. In sabobin da suwic suna cikin kabad ɗaya, ɗauki gajerun wayoyin DAC, masu zuwa da kawunansu a haɗe, ka huta. Katin HBA na jabu shi ma ya cika gari, kwali fes, farashi rabi, da ya ɗauki zafi sai faifai su riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya.

Kayan hannu ba haramun ba ne, rabin abin da ke ɗakin sabarmu na gwanjo ne, amma an faɗa mana haka kuma mun biya kuɗin na hannu. Na ce wa abokin nawa ya sa dillali ya rubuta lambar kowane faifai a jikin rasit, da sharaɗin kwana 7 na gwaji. Dillali na farko ya ce shi ba ya haka. Yanzu yana magana da na biyu.