Tukunya ko Maikirowef: Wanne Ya Fi Cancanta a Saya Don Kashe Ƙwayoyin Cuta?

Masu sayar da kayan lantarki kan yi wa maikirowef, wato na'urar ɗumama abinci, kirarin cewa har ƙwayoyin cuta tana kashewa. Ba ƙarya suka yi ba, amma rabin zancen suka faɗa. Igiyoyin makamashi marasa ganuwa da na'urar ke fitarwa ba su ne ke kashe bakteriya ba. Aikinsu su motsa ruwan da ke jikin abu har ya ɗau zafi, zafin nan shi ke kisa. Ke nan ita da tukunya makami ɗaya suke riƙe da shi. Abin dubawa kafin a zaro kuɗi biyu ne: shin zafin ya kai kowane lungu, kuma ya jima yadda ake buƙata?

Yawancin bakteriya masu kawo gudawa, irin su Salmonella da E. coli da ƙwayar kwalara, suna mutuwa idan abu ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyas ya ɗan jima a haka. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. A wuri mai tudu kamar Jos yakan tafasa a wajen 96, wanda har yanzu ya wuce abin da ake nema nesa ba kusa ba. Wannan ita ce babbar fa'idar tukunya: idonku shi ne ma'aunin zafi. Da kun ga ruwa yana ɓalɓala yana juyi, kun san inda kuka kai, kuma duk abin da ya nutse a ciki ya sami zafi iri ɗaya.

Maikirowef ba ta da wannan tabbaci. Igiyoyinta suna karo da juna a cikin akwatin, sai wani wuri ya yi zafi ƙwarai, wani ya tsaya da sanyinsa. Shi ya sa aka yi mata farantin gilashi mai juyawa, kuma ko da shi matsalar raguwa take yi, ba gushewa ba. Wanda ya taɓa ɗumama tuwo a ciki ya san zancen: gefe na ƙona yatsa, tsakiya sanyi ƙalau. A tsakiyar nan ƙwayoyin cuta ke tsira.

Fidar jariri

A nan ne aka fi kashe kuɗi, don haka a nan za mu fi tsayawa. Ko wace hanya aka zaɓa, wanki ne farko. A warware fida gaba ɗaya, kwalba daban, zobe daban, robar baki daban, a wanke da sabulu da buroshi, a matsa ruwa ya fita ta hujin robar. Madarar da ta bushe a lungun zobe garkuwa ce ga bakteriya, ba tafasa ba tururi da zai yi maganin abin da ba a wanke ba.

Hanyar tukunya: a ware tukunya mai murfi wadda ba a miya a cikinta, a nutsar da komai, a tabbatar babu iskar da ta maƙale a cikin kwalba, don inda iska take ruwa bai taɓa ba. Ana fara ƙirga lokaci ne daga sadda ruwan ya tafasa, ba daga sadda aka ɗora ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce minti 5, hukumar lafiya ta Birtaniya ta ce aƙalla minti 10. Mun fi karkata ga 10, don wutar gawayi da ta risho ba a tsaye suke ba. Aibinta biyu: robar baki tana saurin laushi da tsagewa saboda yawan tafasa, sai a riƙa dubawa ana sauyawa; sannan idan aka manta ruwa ya ƙone, fida ta narke a gindin tukunya.

Hanyar maikirowef: ba a saka fida haka nan a kunna, don busasshiyar roba ba ta ɗaukar zafin kirki. Ana sayen wani kwanon roba mai murfi da aka yi don wannan aiki, a zuba ruwa a ƙasansa, a kife kwalabe, na'urar ta mai da ruwan tururi. Tururin da aka tsare a cikin murfi shi ke cike giɓin wuraren sanyin nan. Na kamfanin Philips Avent, alal misali, ruwa mililita 200 yake ci, kuma lokacinsa ya danganta da ƙarfin na'ura, wanda ake aunawa da wat: minti 2 a mai ƙarfi sosai, minti 6 a mai wat 500 zuwa 800. Akwai kuma 'yan jakunkunan tururi irin na kamfanin Medela, masu cin ruwa mililita 60, kowace ana amfani da ita sau 20. Suna da daɗin tafiya, amma kuɗi ne da ba ya ƙarewa. Bayan an kashe a bari ya huce minti biyu, a buɗe murfin ta ɓangaren da ba ya fuskantar mutum, don ƙunar tururi ta fi ta ruwa muni.

Ga inda gizo ke saƙar. Mintocin da aka rubuta a takarda an lissafa su ne da cikakkiyar wuta. Idan wutar NEPA ta zo da rauni, za a ji na'urar tana ƙara, fitilarta na ci, faranti na juyawa, amma zafin da take bayarwa ya ragu sosai. Agogo zai buga, uwa ta ɗauka an gama, alhali tururin bai ko cika kwanon ba. Gwajin mai sauƙi ne: ruwa kofi ɗaya, mililita 250, ya kamata ya tafasa cikin minti biyu zuwa uku a na'ura mai wat 800. In ya wuce haka da yawa, kada a dogara da ita ranar.

Wani abu da bai shafi kwalba ba amma ya shafi abin da ke cikinta: madarar gari ta jarirai ba tsarkakakkiya ba ce, tana iya ɗauke da ƙwayar Cronobacter. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ita ce a dama ta da ruwan da bai gaza digiri 70 ba, wato a tafasa a bar shi bai fi minti 30 ba, a dama, sannan a sanyaya kwalbar. Ba a ɗumama madarar jariri a maikirowef, saboda wani ɓangaren na iya ƙona bakinsa alhali jikin kwalbar ɗumi kawai. Saboda haka ko an sayi na'ura, ba a rabu da tafasa ruwa ba.

Soson wanke-wanke

A ƙarshen 2006 masu bincike a Jami'ar Florida, ƙarƙashin Gabriel Bitton, sun nuna cewa minti biyu a cikakken ƙarfin maikirowef yana kashe fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyin da ke jikin soso. Labarin ya bazu, wasu suka saka busasshen soso, ya kama da wuta, har sai da jami'ar ta fito ta yi ƙarin bayani. Dole soso ya jiƙe sharkaf, kuma kada ya kasance da ƙarfe ko kaɗan, don soson ƙarfe tartsatsi yake yi. A tukunya kuwa minti 5 na tafasa ya isa, na ƙarfe da na roba duka, har da tsumman goge-goge. Wani binciken da aka yi a Jamus a 2017 ya sami bakteriya har biliyan 54 a ɗan guntun soso da bai wuce ƙwayar sukari ba, masu binciken suka ba da shawarar a riƙa sauya shi duk mako. Soso ba tsada gare shi ba. Babu hikima a sayi na'ura saboda shi.

Ruwan sha aikin tukunya ne ko butar lantarki: ya ɓalɓala na minti ɗaya, a rufe ya huce. Lita ɗaya a buta mai wat 2000 kamar minti uku ne, a maikirowef mai wat 800 ya haura minti shida. Ruwa a kofi mai santsi kuma na iya wuce ma'aunin tafasa a maikirowef ba tare da ya motsa ba, da an tsoma cokali ya yi tsalle ya watsu a fuska. Wuƙa, cokula da kwanon silba su ma sai ruwan zafi. A lura, ruwan da hannu ke iya jurewa bai wuce digiri 45 zuwa 50 ba, maiƙo yake cirewa, ba kisa yake ba. Ƙa'idar gidajen abinci a Amurka ita ce a nutsar da kaya a digiri 77 na sakan 30.

Abincin da ya kwana shi ne fagen maikirowef na gaskiya, in an rufe, an juya a tsakiyar lokaci, an bar shi minti biyu zafi ya ratsa, ko'ina yana turiri. Amma shinkafar da ta wuni a waje wani zance ne. Ƙwayar Bacillus cereus kan shige ɓawo mai tauri ta tsallake dahuwa, ta farfaɗo idan abinci ya huce, ta zubar da gubar da zafi ba ya lalatawa. Na'ura da tukunya duk ba su da maganinta. Haka ma tafasa ba ta cire gubar dalma ko maganin ƙwari daga ruwa.

A shago

Gidan da wuta ba ta zama, tukunyar silba mai zurfi da murfi mai kamawa, da buroshin fida, da filas mai riƙe zafi sun gama masa aiki. Wanda ke da tsayayyiyar wuta kuma fida shida ko takwas yake wankewa a rana, kwanon tururi zai rage masa wahala. Ya juya bayan maikirowef ɗin ya karanta lambobi biyu: wat ɗin da take bayarwa, wanda da shi ake lissafin minti, da wat ɗin da take ja, wanda yakan kai 1200 ko fiye ga mai bayar da 800. Ƙaramin janareta mai wat 650 zuwa 950 ba zai ɗauke ta ba, masu sola kuma su duba ƙarfin inbatarsu. Ya auna faɗi da tsawon cikinta da tef, don wasu kwanonin ba sa iya juyawa a cikin ƙarama mai lita 20. In mai gashi ce, a cire wayar ƙarfen a kashe gashin. A gindin fida a nemi lamba 5 ko haruffan PP, robar da ke jure tafasa. Mai lamba 1, irin ta gorar ruwan sha, lanƙwashewa take yi. Inda ruwan burtsatse ke barin farin ɓawo a buta, a jiƙa shi da ruwan lemon tsami duk bayan 'yan makonni, a ɗauraye sosai kafin a sake ɗorawa.