Gargaɗi ga iyayen Zariya: kafin a sayar da gona don kai yaro karatu waje

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ina son yin wannan rubutu, Yayata tana hana ni. Cewa take kar na tona mata asiri a gari, a ce mijinta da wayonsa an yi masa sakiyar da ba ruwa. Jiya da kanta ta kira ni ta ce, "Rubuta, ya sake fitowa." Ta ga tallar ejan da ya damfare su da sunan kai ɗansu karatu waje a wani zauren WhatsApp na matan unguwa, ya canza sunan kamfani da lambar waya, amma hotunan nan dai su ne.

Ɗanta na fari likita yake son zama tun yana firamare. Sau biyu yana zana JAMB, makinsa ba laifi, amma duk wanda ya san yadda ake rububin gurbin likitanci a ABU ya san maki mai kyau kaɗai ba ya kai mutum Shika, inda asibitin koyarwa na jami'ar yake. Ga kuma yajin aikin ASUU na 2022 da ya cinye wata takwas, wanda ya sa iyaye da yawa suka fara leƙen waje. Ana cikin haka wani abokin mahaifin yaron a majalisa ya ce ya san wani bawan Allah da ke kai yara Turkiyya karatun likita, har da ragin kashi 75 na kuɗin makaranta.

Na je ofishin sau ɗaya, a saman wani bene a Sabon Gari. Tutocin ƙasashe a kan tebur, hotunan yara da jakunkuna a filin jirgi, ga darduma a shimfiɗe a gefe. Mutumin akwai ladabi. Har ƙasa yake gaida mijin Yayata, yana cewa, "Baba, ka ɗauka ɗana ne. In na ci amanarka Allah ya isa tsakanina da kaina." Ni ma, in faɗi gaskiya, na fito da natsuwa.

Bai nemi kuɗi mai yawa da farko ba. Naira 50,000 na fom. Kwana biyar sai ga takardar gurbi, da tambari da sa hannu da sunan yaro ɓaro-ɓaro. Ranar nan har guɗa aka yi a gidan. Daga nan aka fara yankan: kuɗin kama gurbi dala 2,000 kafin Juma'a, in ba haka ba a ba wani, kuɗin fassara takardu, inshora, kuɗin biza, kafin alƙalami na ɗakin kwana. Kowanne da wa'adinsa na kwana biyu ko uku, don kar ka samu sukunin yin shawara. Kuma duk a asusun banki mai sunansa, wai tura dala daga Najeriya akwai wahala, shi yana da hanya. Kafin a ankara an zuba sama da naira miliyan shida. Gonar gado ta hanyar Giwa ta tafi, sarƙar Yaya ta bi ta. Ya kuma karɓe fasfon yaro da ainihin takardar WAEC ɗinsa.

Da aka ɗaga ranar tafiya karo na uku, sai na ce, "Yaya, ba ni takardar nan in gani." Adireshin imel ɗin da ke ƙasanta na Gmail ne. Jami'ar da ke da dubban ɗalibai ba ta aika wasiƙar gurbi da Gmail. Na nemo shafin makarantar da kaina, ban bi mahaɗin da ya turo ba, na rubuta wa ofishin ɗaukar ɗaliban waje layi uku, na liƙa hoton takardar. Kwana uku suka amsa: ba su da wannan suna, lambar da ke kai ba irin tasu ba ce, kuma ba su san wannan wakili ba. Wasiƙar da ba ta ci min ko naira ɗaya ba, da an rubuta ta ranar guɗa, da gona tana nan.

Wani abin kuma, makarantar ma ba a Turkiyya take ba. A Arewacin Saifurus take, yankin da ba ƙasar da ta amince da shi a matsayin ƙasa sai Turkiyya kaɗai, kuma Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a can. Tun a watan Agusta na 2020 shugabar hukumar 'yan Najeriya mazauna waje, Abike Dabiri-Erewa, ta ja kunnen iyaye kan tura yara wurin. Ban ce ba a karatu a can ba, akwai waɗanda suka je suka gama lafiya. Amma uban da aka ce masa Turkiyya yana da haƙƙin ya san inda za a sauke ɗansa.

Ga abin da na koya bayan aikin gama ya gama. Wakilan gaskiya suna nan, kuma yawanci makaranta ce ke biyan su la'ada a kan kowane ɗalibi da suka kawo. Kuɗin makaranta kuwa asusun makaranta yake shiga, rasit ya fito da sunanta. Duk wanda ya ce a zuba a nasa zai tura, to a nan magana ta ƙare, ko limamin unguwarku ne ya kawo shi.

Shi kuma tallafin karatu ba a sayar da shi. Na gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, ana buɗe shi tsakanin Janairu da Fabrairu kowace shekara, ɗalibi ke cikewa da kansa a intanet, kyauta. Chevening na Birtaniya kyauta ne, na digiri na biyu ne, kuma sai kana da ƙwarewar aiki ta shekara biyu, don haka mai cewa zai samo wa ɗan sakandare shi maƙaryaci ne. Na Jami'ar Musulunci ta Madina ma ba a biyan kuɗin nema. In ka ba mai shagon kwamfuta a Samaru ko Kongo wani abu ya taya ka cikewa, wannan ladan aikinsa ne. Amma "ina da mutum a ciki, kawo miliyan ɗaya" zance ne.

Biza ma haka. Ofishin jakadanci ke bayarwa, babu ejan da ke da ikon yi maka alkawarinta. Birtaniya sai makaranta ta ba ka lambar CAS, wato shaidar ta ba ka gurbi, kuma sunan makarantar yana cikin jerin da gwamnatinsu ta wallafa a shafinta. Amurka sai da takardar I-20, shaidar da makarantar ke bai wa ɗalibin da ta ɗauka. Jamus za ta so ganin kuɗin zaman shekara guda a asusun da aka kulle, sama da yuro 11,000. Wanda ya ce zai haɗa maka takardar banki ta bogi don tsallake wannan, kai za a kama, kai za a hana shiga na shekaru, shi yana gida yana shan shayi.

Akwai kuma wata damfarar da ta fi tamu ciwo, don sai bayan shekaru ake gane ta: yaro ya tafi, ya dawo da kwali, kwalin ya zama takardar ƙunsa ƙosai. Kun tuna a Disamba 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A Janairu 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo, ta shafi mai gaskiya da marar gaskiya. Duk wanda ya yi karatu a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin hukumar bautar ƙasa, NYSC, ta karɓe shi. Likita kuwa sai ya ci jarrabawar hukumar da ke ba likitoci lasisi, MDCN, kafin ya taɓa majinyaci a Najeriya. Ejan ba zai faɗa maka wannan ba, kai za ka tambayi ma'aikatar da hukumar tun kafin ka biya kuɗin fom.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, mun kuma kai takarda ofishin EFCC na Kaduna da rasit ɗin banki da saƙonnin murya. Abin da ya taimake mu shi ne Yaya ba ta goge komai a wayarta. A wajen kai ƙarar ne muka haɗu da wasu gidaje biyu, ɗaya daga Tudun Wada ɗaya daga Hanwa, labari iri ɗaya har rantsuwar. Na tabbata akwai wasu da kunya ta rufe wa baki, kuma da wannan kunyar yake cin kasuwarsa. In kuna cikinsu, ku tattara shaidarku ku kai, ƙara ta fi nauyi in masu ita suna da yawa.

Fasfon ya dawo ta hannun wani ɗan acaba, takardar WAEC ba ta dawo ba, muna kan neman wata. Kuɗi ko kwabo ba mu gani ba tukuna. Ofishin nan na bene yanzu mai sayar da kayan waya ne a ciki. Yaron ya sake sayen fom ɗin JAMB, da safe yana zuwa darasi, da yamma yana taya babansa tsaron shago.